Kwalin tsinkayen haɗa siffofi: mahaɗa ɗaya ta ɓata mini darasi

Ina koyar da lissafi da yamma a Aboabo, cikin Kumasi, yarana duk 'yan sakandare ne. Watan jiya na sayi kwalin nan na tsinkaye da mahaɗan roba da ake ta talla a WhatsApp. A jikinsa an rubuta cewa yana haɗa duka siffofi biyar na Aflatun: mai fuska 4, mai 6 irin dunƙulen magi, mai 8, mai 12 da mai 20. Har Adum na je na karɓo, kuɗin kuma kun san ba kaɗan ba ne.

Saboda mai fuska 20 na saye shi. Siffar nan kusurwa 12 gare ta, gefe 30, kuma a kowace kusurwa gefe biyar ne ke haɗuwa. Burina yara su gani da idonsu cewa duk kusurwar da ka tsaya, abin da ka gani shi za ka gani a sauran. A lissafin ɗigo da layi, wato giraf, wannan shi ne daidaito: hanya 120 ake iya musanya ɗigon nan 12 ba tare da maƙwabci ya rabu da maƙwabcinsa ba. 60 daga ciki juya siffar ne a hannu, sauran 60 sai an haɗa da madubi.

Muka fara haɗawa a gaban aji, yara sun kewaye tebur. Tsinke 29 ya shiga, na ƙarshe ya rasa gurbi. Na warware, na sake, haka dai. Gumi ya fara keto mini. Sai wata yarinya ta ɗauki mahaɗan tana dubawa ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Malam, wannan baki huɗu gare ta." Aka ƙirga: 11 masu baki biyar, ɗaya mai huɗu. Bakuna 59 ke nan. Kowane tsinke kai biyu gare shi, don haka tsinke 30 baki 60 yake nema. Ko kwana muka yi a wurin ba za ta rufe ba.

Abin ya ƙona mini rai ƙwarai. Kada wani ya ce ai tsinke ɗaya ne kawai. Idan aka cire gefe ɗaya daga siffar nan, hanyoyi 120 ɗin huɗu kacal ke saura, domin kusurwoyi biyun da suka rasa gefe sun fita daban, ba sa musanyuwa sai da junansu. Darasin da na shirya gaba ɗaya a kan wannan adadin ya dogara.

Gaskiya dai, mai fuska 12 ta wanke mini zuciya. Mahaɗanta 20 masu baki uku sun cika, ta tsaya cak. Na ba yara zare suka yi wasan da masanin lissafi Hamilton ya ƙirƙiro a 1857: ka bi gefuna ka ratsa kusurwa 20 ɗin sau ɗai-ɗai ka dawo inda ka taso. Da muka kashe wuta na kara fitilar waya dab da fuska ɗaya, inuwarta ta faɗo a kan takarda, layi bai hau layi ba, ga giraf ɗin shimfiɗe. Suka ƙirga da kansu: kusurwa 20 a cire gefe 30 a ƙara fuska 12, biyu, yadda masanin lissafi Euler ya faɗa. A daren nan har na ce kuɗina bai tafi a banza ba.

Amma washegari da na so nuna musu cewa mai fuska 12 da mai 20 'yan biyu ne, kusurwar wannan ita ce fuskar waccan, shi ya sa dukansu 120 suke da shi, sai ga ɗaya a tsaye, ɗaya da giɓi. Haushin ya dawo sabo.

Na tura wa mai kayan hoto. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, haka suke zuwa," wai in sayi wani kwalin in cike. Mahaɗa ɗaya tak na roƙa. Yau sati uku ke nan saƙona yana nan ya karanta bai amsa ba. Wanda zai saya ya zazzage kwalin a gabansa, ya ƙirga masu baki biyar su cika 12 kafin ya miƙa sidi ko ɗaya.