Ƙarin RAM, SSD ko Furoksi: Wanne Ya Fi Rage Nauyin Tace Bidiyo a Laftof?

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce laftof ɗinka tana da furosesa (ƙwaƙwalwar da take sarrafa aiki) Core i5, RAM (wurin riƙe aikin da ake kan yi) gigabait 8 da faifan ajiya na HDD mai juyawa, kana tace bidiyon biki da aka ɗauka da waya a 4K cikin manhajar Premiere Pro, amma hoton yana tsaitsayawa har ba ka iya daidaita murya da motsin baki. Kana son sanin ko RAM za ka ƙara ko SSD, wato ma'ajiyar da ba ta juyawa kuma ta fi HDD sauri, za ka saya. Akwai hanya ta uku da ba ka ambata ba, wato furoksi, yin aiki da ƙaramin kwafin bidiyon, kuma a ganina ita ya kamata ka fara gwadawa, domin ba ta cin ko kwabo.

Dalilin yana cikin yadda waya take ajiye bidiyo. Tsarin matse bidiyo na H.264 da na H.265 (shi H.265 ake kuma kira HEVC) ba ya ajiye kowane hoto cikakke; yana ajiye hoto ɗaya cikakke, sannan ya rubuta bambancin da ke tsakaninsa da waɗanda suka biyo baya. Wannan ya dace da kallo, amma ga mai tacewa wahala ce, saboda duk lokacin da ka yi tsalle zuwa tsakiyar bidiyo ko ka ja shi baya, sai furosesa ta koma ta sake gina hoton daga na baya kafin ta nuna maka. Ga kuma girman aikin: 4K ɗigo 3840 ne sau 2160, ninki huɗu na 1080p, ninki tara na 720p. Furoksi ƙaramin kwafi ne na bidiyon, misali 720p a tsarin ProRes Proxy ko DNxHR LB, inda kowane hoto yake cikakke da kansa. Da shi za ka yi yanka da jeri, idan ka zo fitar da aikin sai manhajar ta koma kan na asali, saboda haka ingancin abin da za ka miƙa wa masu biki ba ya raguwa. Premiere Pro, DaVinci Resolve, Shotcut da Kdenlive duk suna da shi. Illarsa biyu ce: yana ɗaukar lokaci kafin a gama haɗa kwafin, abin da mutane da yawa suke barin kwamfuta ta yi cikin dare, kuma yana cin wuri a faifai. Ba ya kuma rage lokacin fitar da bidiyo a ƙarshe.

SSD ita ce ta biyu a wurina, kuma idan kuɗin abu ɗaya kawai kake da shi, a nan zan sa shi. Faifan HDD na laftof, wanda yawanci yake juyawa sau 5400 a minti, yana karanta kimanin megabait 100 a daƙiƙa, alhali SSD nau'in SATA tana kaiwa kusan 550, sabon nau'in NVMe kuwa dubbai. Sai dai gaskiyar magana ita ce bidiyon waya guda ɗaya bai fi ƙarfin HDD ba. Inda take gazawa shi ne lokacin da Windows, manhajar, fayilolin wucin gadi da bidiyo uku ko huɗu duk suke neman faifai ɗaya a lokaci guda, kan allurar da take karanta faifan yana ta kai da kawo tsakaninsu. SSD tana kawar da wannan, tana kuma sa furoksi ya yi aiki sumul, amma ba za ta sauƙaƙa wa furosesa warware HEVC ba.

RAM kuwa tana magance matsala ne kawai idan ta cika. Adobe da kansa yana ba da shawarar gigabait 16 don aikin HD da 32 don 4K, saboda haka 8 ɗinka ta yi kaɗan, kuma idan ta cika sai Windows ta riƙa zuba ragowar a faifai, wanda a HDD shi ne mafi munin nauyi. Idan laftof ɗin ba ta da katin hoto na daban, sanya RAM guda biyu masu girma ɗaya yana ƙara wa sashen hoto na Intel sauri. Kafin ka je kasuwa ka tabbatar akwai gurbin ƙari, domin wasu siraran laftof an liƙe musu RAM a jikin babban allon cikin na'urar.

Hanyar rarrabewa tana da sauƙi. Ka danna Ctrl, Shift da Esc tare don buɗe Task Manager, wanda yake nuna nauyin da ke kan kowane sashe na kwamfuta, ka kunna bidiyon a inda yake sarƙewa, ka duba wanne ne ya kai ƙarshe. Idan faifai ne ya tsaya a kashi 100, SSD. Idan RAM ce ta haura kashi 90, ƙari. Idan furosesa ce, babu ɗaya daga cikin biyun da zai cece ka sai furoksi. Ka kuma duba zamanin furosesar, saboda na Intel sun fara warware HEVC da sashe na musamman a cikinsu ne daga zamani na 6, HEVC mai bit 10 kuma, irin wanda iPhone 12 zuwa sama take ɗauka idan an kunna HDR, saitin da yake ƙara zurfin haske da launi, daga zamani na 7.

Duk wanda ka zaɓa, kada ka yi tacewa a kan batir, domin laftof tana rage wa kanta ƙarfi idan ba a jone da caja ba, haka kuma idan ta yi zafi. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, kuma zafin bazara yana ƙara tsananta abin, don haka a kai ta a share ta. Ka rage ingancin nuni a Premiere zuwa 1/2 ko 1/4. Game da sautin da yake saɓa wa baki, sau da yawa laifin waya ne da take canza yawan hotuna a daƙiƙa yayin ɗauka, kuma manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, tana iya mayar da shi adadi tsayayye kafin ka shigar da shi. A bikin gaba kuma ka ce wa mai ɗaukar ya sa wayar a 1080p, ko a saitin kamarar iPhone ya zaɓi Most Compatible, wanda yake ɗauka da H.264 maimakon HEVC, tunda yawancin bidiyon a WhatsApp da Facebook za a kalle shi.