Hattara da Masu Tallar Yawon Hawan Dutse na Wuni Ɗaya

Assalamu alaikum jama'a. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya tura wa ƙannensa da 'ya'yansa, musamman ɗaliban jami'a da masu bautar ƙasa, domin su aka fi sa wa ido. Akwai wata damfara da ta shigo harkar yawon buɗe ido, kuma kasuwarta ta fi ci a lokacin hutun Sallah da ƙarshen shekara. Wasu ne ke buɗe shafi a Instagram ko Facebook ko TikTok, su raɗa masa suna mai daɗi, su cika shi da hotunan tsaunuka da ruwa mai kwararowa daga kan dutse. Sai su ce suna shirya tafiyar wuni ɗaya zuwa Jos: a tashi da asuba, a hau dutse, a ci abinci a can sama, a kwana a gida. Sai kuɗi ya fita daga hannu ake gane babu mota, babu ɗan jagora, kamfanin ma babu shi.

Hawan dutse da abokai abu ne mai kyau, kuma akwai matasa a Jos da Abuja da Kaduna da ke shirya irin wannan tafiya tsakani da Allah, suna cin halaliyarsu. Ba da su nake ba. Su ma ɓata musu sana'a ake yi, don sau da yawa hotunansu ake sacewa a yi tallar ƙarya da su.

Yadda suke yi kusan iri ɗaya ne. Da ka yi magana a ƙarƙashin talla, za a biyo ka ta saƙo a jefa ka cikin wani guruf na WhatsApp. Za ka tarar da mutane da yawa a ciki, amma an kulle shi, masu guruf ɗin kaɗai ke iya rubutu. Kullum sai su sako hoton alat, wai wance ta biya, wane ya biya, saura kujera huɗu, saura biyu. Kuɗin da suke yankawa bai kai abin da mota kaɗai za ta ci zuwa da dawowa ba, amma wai a cikinsa har da karin kumallo da abincin rana da riga mai tambari da mai ɗaukar hoto. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Idan ka nuna jan ƙafa sai a ce ka ba da rabi a matsayin kafin alƙalami, ka cika sauran a bakin mota. Rabin nan shi suke nema.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne dabarar da suke bi ta kan abota. Suna cewa duk wanda ya kawo mutum goma, kujerarsa kyauta ce. Da wannan suke mayar da yaro mai gaskiya ya zama shi ne mai tara musu kuɗi. Abokansa ba su san kamfanin ba, shi suka sani, shi suka yarda da shi, a asusunsa suka zuba kuɗinsu, shi kuma ya tura gaba.

Haka ta faru da ɗan yayata da ke karatu a Kano. Ya tara kuɗin abokansa na makaranta ya tura a dunƙule, aka ce su haɗu a wani gidan mai bayan sallar asuba ranar Asabar. Suka je da jakunkunansu na goyo, wasu sun sayi sababbin takalma saboda tafiyar, wata a cikinsu mahaifiyarta ta kwana tana soya mata cincin da naman kaza ta zuba a kula. Da farko mutumin yana ɗaga waya: "Yallaɓai ku yi haƙuri, direba na shan mai, minti goma." Can ya ce taya ce ta yi faci. Da rana ta ɗaga sai ga saƙo a guruf cewa an ɗage tafiya saboda rahoton tsaro, za a mayar wa kowa kuɗinsa ranar Litinin. Kafin azahar an cire kowa daga guruf ɗin, shafin ya sauya suna, lambar wayar a kashe. Da yaron ya zo wurina da yamma idonsa ya yi ja. Ya ce, "Kawu, ni ba kuɗina ne ya dame ni ba. A hannuna suka ba ni. Yanzu wasu gani suke da ni aka haɗa baki." Sai da iyaye suka shiga maganar, aka yi karo-karo a gida aka biya waɗanda suka matsa, amma har yau akwai waɗanda ba sa gaisawa da shi.

Ku lura da uzurin da suka kawo. Sun san matsalar tsaro gaskiya ce, shi ya sa ba wanda zai yi musu gardama. Mutane ba su manta da harin da aka kai Kajuru Castle a Jihar Kaduna a watan Afrilun 2019 ba, inda aka kashe mutum biyu aka sace wasu. Duk uban da aka ce masa an fasa tafiya saboda tsaro, hamdala zai yi. Kwana biyun da ake jira kafin Litinin kuwa, a cikinsu ake kwashe kuɗin daga asusun.

Abin da zai fi saurin tona asirin waɗannan mutane shi ne sanin ƙasar kanta, domin yawancinsu ba su taɓa taka wuraren da suke talla ba. Ɗauki tallar da aka yaudari yaran nan da ita. Wai daga Kano za a je tsaunukan Shere, a biya Dutsen Riyom, a yi wanka a ruwan Assop, a leƙa Dutsen Wase, a dawo Kano a wunin. Wanda ya san hanya ya san wannan ba zai yiwu ba. Daga Kano zuwa Jos ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, a ratsa dajin Falgore a fita Saminaka, tafiyar awa biyar ce zuwa shida idan hanya ta yi kyau. Zuwa da dawowa kaɗai sun cinye wunin. Tsaunukan Shere suna gabashin Jos, ƙololuwarsu ta kai kusan mita 1,829 daga saman teku, kuma hawa da sauka na cin awanni, balle ga ayarin da yawancinsu ba su saba ba. Riyom da Assop suna wani ɓangaren daban, a kan hanyar Jos zuwa Akwanga, Assop ma sai an doshi gangaren Hawan Kibo. Wase kuwa tana can kudu maso gabas, kusan kilomita 200 daga Jos, kuma dutsen nata a miƙe yake sambal, ba irin wanda 'yan yawon shaƙatawa ke hawa da takalmin makaranta ba ne. Sannan wane direba mai hankali ne zai ɗebo 'ya'yan mutane ya ratsa Falgore da su da tsakar dare?

Haka hotunan. Na ga tallar da aka sa koren tudu mai gonakin shayi aka rubuta Jos a ƙasa. Gonakin shayin nan na Mambila ne, a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, kuma daga Jalingo ma sai ka bi ta Bali da Serti ka hau tsauni kafin ka kai Gembu, tafiyar da ke cin mafi yawan wuni. Wani kuma ya sa Chappal Waddi a jerin wuraren da za a je a dawo rana ɗaya. Wannan shi ne tsauni mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, yana yankin gandun dajin Gashaka Gumti a kan iyaka da Kamaru, kuma masu hawansa kwanaki suke yi a ƙafa tare da 'yan jagora. Duk wanda ya ce zai kai ka can ya dawo da kai a wuni ɗaya, ko dai bai san wurin ba ko kuma ya san ba za a je ba.

Saboda haka kafin ka tura ko sisi, yi wa mai tallar tambayoyin da sai wanda ya taɓa zuwa zai iya amsawa. Ta wace hanya za a bi? Ƙarfe nawa za a isa gindin dutsen, ƙarfe nawa za a fara saukowa? Wa zai yi jagora, ɗan garin ne? An sanar da mai unguwa ko jami'an tsaron yankin? Idan wani ya gurɗe a sama, wane asibiti ne mafi kusa? Mai gaskiya yana jin daɗin irin waɗannan tambayoyi, har ya ƙara maka da abin da ba ka tambaya ba, kamar ya ce ka taho da rigar sanyi don Jos a watan Disamba ba wasa ba ce. Ɗan damfara kuwa sai ya hau rantsuwa, ko ya ce kujeru na ƙarewa, ko ya nuna ransa ya ɓaci wai ba ka yarda da shi ba.

Akwai kuma kashi na biyu, waɗanda motarsu takan zo. Waɗannan a wurina sun fi haɗari, don na farko kuɗi kawai suke ci, su kuwa da rai suke wasa. An yi talla da bas mai sanyi, sai ga tsohuwar mota an cusa mutane har kan injin. A bakin wurin sai a ce kuɗin shiga ba ya cikin lissafi, kowa ya sake fito da nasa. Babu ɗan jagora, babu akwatin magani, ruwan sha bai isa ba. A damina, musamman Yuli da Agusta, dutse santsi yake yi, ruwan da ke gangarowa kuma yakan ƙaru cikin ɗan lokaci idan an yi ruwan sama a can tudu ko da ku ba ku ga hadari ba. Yara na tsaye a bakin gaɓa suna ɗaukar hoto, wanda ya kawo su yana zaune a mota yana danna waya. Wanda ya karɓi kuɗin mutane ya kai su irin wannan wuri ba tare da shiri ba, ko ya kai su ya dawo da su lafiya, ya ci amana.

Wani abin da ya kamata a kiyaye: wasunsu kan turo fom a cike, wai na inshora ko na rajistar fasinja, su nemi lambar NIN da BVN da hoton katin banki gaba da baya. Takardar fasinja da ake cikewa a tasha suna take nema da lambar waya da ta wani ɗan uwa da za a kira idan wani abu ya faru. Ba ruwan hawan dutse da BVN. Lambar sirri da banki ke turowa ta waya kuwa, ko ma'aikacin bankin ba a ba shi.

Wajen biya, dubi sunan da ya fito kafin ka danna tura. Idan shafin na ɗauke da sunan kamfani amma asusun na wani mutum ne daban, ko kuma yau a ba ka wannan asusu gobe a ba abokinka wani, tsaya. Idan sun ce suna da rajista, karɓi lambar ka duba a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, binciken suna kyauta ne. Amma rajista kaɗai ba ta isa shaida ba, don ana iya ɗauko lambar kamfanin wasu a liƙa. Nemi ofis ko shagon da za ka taka da ƙafarka, ka nemi wanda ka sani da ya taɓa bin su. A Instagram akwai wurin da ke nuna lokacin da aka buɗe shafi da sau nawa ya sauya suna, ku riƙa dubawa. Kai kuma da aka ce ka tara kuɗin abokanka a ba ka kujera kyauta, kada ka karɓa. Kowa ya biya da hannunsa bayan ya gamsu.

Gaskiya ma, yawancin wannan yawo ba ya bukatar wani kamfani. Ku haɗu ku je tasha ku ɗauki shatar mota a hannun 'yan yuniyon, ku ga direban da idonku, ku rubuta lambar motar ku bar wa na gida, a biya rabi a tashi, rabi a dawo. Ku zaɓi wuri ɗaya da ke kusa da ku. Mutanen Zariya ga Kufena nan a bayan gari, na Kano ga Dala da Goron Dutse, na Abuja ga Zuma a Madalla, wanda hotonsa ke jikin tsohuwar takardar naira 100. In kuwa Jos ɗin ake so, a shirya kwana, a sami ɗan gari ya yi jagora, a tambayi halin da hanya ke ciki a ranar, a kuma sauko tun rana na sama.

Wanda kuma ya riga ya tura, kada kunya ta sa ya yi shiru, kuma kada ya jira Litinin ɗin da suka ce. Ya kira bankinsa a take ko ya je da kansa ya shigar da ƙorafi a rubuce, ya ba da rasit da lambar asusun da aka tura wa, domin sa'ar tsayar da kuɗi tana ga saurin kai rahoto. Ya ɗauki hoton duk hirar da tallar da lambobin waya kafin a goge. Sannan waɗanda abin ya shafa su haɗu su kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC a tare, ƙorafin mutum goma ya fi na mutum ɗaya nauyi. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda aka samu da laifin karɓar dukiyar mutane ta hanyar yaudara, don haka ba ƙaramin laifi ba ne da za a ce a bar wa Allah kawai a tafi. Bayan haka a sa ran wani zai kira ya ce shi jami'i ne, ko masanin kwamfuta, zai iya dawo da kuɗin idan aka ba shi wani abu na aiki. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo da sabon layi, tunda sunayenku da lambobinku na hannunsu. Kada a ba shi ko kwabo, a haɗa lambarsa a cikin ƙarar.