Farar toka a bakin filogi: man babur ko mai TC-W3?

Ɗan'uwa, na duba hoton filogin injin jirgin ruwanka, Yamaha 40, da ka turo. Wannan ɓawon fari-fari mai sirkin ruwan ƙasa da ya daskare a baki, har yana neman haɗe ƙarafan biyu, toka ce. Tunda kuma duka filogi biyun suka yi iri ɗaya, man da kake gaurayawa da fetur ne ya kawo ta. Tsakanin man gauraya na babur, wato 2T, da kake zubawa da wanda aka rubuta wa TC-W3 a jikin gora, ɗauki TC-W3.

Shi nake sa wa nawa injin jirgin, Yamaha Enduro, a nan Yauri, na Yamalube, wato man kamfanin Yamaha. Bara bayan damina na kai injin wajen bakanike ya duba min kabureta. Da ya kwance filogi ya juya shi a hannu, sai ya tambaye ni yaushe na sa sabo. Bakinsa a bushe, launin soyayyar gyaɗa, ba ɓawo ba maiƙo, alhali da shi na yi daminar gaba ɗaya. Da asubar hunturu, jirgi maƙil da buhunan albasa, ja ɗaya ko biyu ya tashi. Hayaƙin ma bai kai na da ba, fasinjan da ke zaune kusa da inji ya daina toshe hanci da rawani.

Ga abin da ya bambanta su. Babur iska ke sanyaya shi, kan injinsa na ɗaukar zafi sosai, shi ya sa ake sa wa mansa sinadaran wanke inji masu ƙarfe a ciki, irin su kalsiyam. In sun ƙone sai su bar toka. Injin jirgi kuwa ruwan kogi yake zuƙa yana sanyaya kansa, ga shi kana riƙe da totur a wuri ɗaya tun daga tasha har tsallake, don haka tokar zama take tana taruwa. TC-W3 ma'auni ne na ƙungiyar NMMA ta masu ƙera jiragen ruwa a Amurka, kuma man da ya cika shi an haɗa shi ne don kada ya bar toka.

Na babur ɗin dai yana da araha, kuma ko a ƙauye ka samu. In TC-W3 ya yanke maka a hanya zai kai ka gida. Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan. Baƙin man mota kuma ko kusa kada ya shiga tankinka.

Awo shi ne 50 da 1, wato rabin litar mai a jarkar fetur mai lita 25. Sabon inji ne kawai ake ninka wa, 25 da 1, a awa 10 na farko. Masu cewa a ƙara mai don inji ya ji daɗi, filoginsu baƙi ne jiƙe sharkaf kullum.

Akwai wanda zai ce maka sa filogi mai zafi ya ƙone tokar. Kada ka yi. A lambobin filogin kamfanin NGK, 7 ya fi 8 zafi, kuma abin da littafin injinka ya ce shi za ka tsaya a kai. Tokar nan in ta yi ja tana kunna fetur kafin tartsatsi ya zo, ƙarin zafi kuwa sai ya huda maka fistan a tsakiyar ruwa.

Ka sake duba filogi biyun da rana tukuna. In ɗaya ya fita fes kamar an wanke ko ya yi tsatsa, ruwa ne ke shiga ta gaskit. In ka ga ɗige-ɗigen ƙarfe masu ƙyalli a jikin farin tangaran ɗin, inji na zafi ko fetur bai isa ba, sai ka duba ruwan da yake tsartowa ta baya, a kuma buɗe impela, wato farfelar famfon ruwan da ke sanyaya inji. Waɗannan biyun canjin mai ba zai gyara su ba.

Sai batun 'yan kasuwa, wanda ba ka tambaya ba. Wasu na tara gorunan da aka zubar su ɗura man awo su liƙe murfi. Duba hatimin murfin kafin ka biya, in farashin ya yi ƙasa da yawa ka bar musu kayansu, naka goran kuma in ya ƙare ka huda shi. Filogin ma akwai jabu a kwali mai kyau. Fetur ɗin 'yan bumburutu, shinshina ka ji ko da kalanzir.

Juye tsohon haɗin da ke tanki, sa sababbin filogi, ka yi jigilar ranar kasuwa guda. Da ka iso kada ka bar shi yana silo, kashe shi ka bari ya huce, ka kwance ka turo mana hoto.