Google Lens, Pinterest ko TinEye: wanne zai nemo maka abin da ka hango a hoto?

Wani ya ɗora hoton falonsa, kai kuma ba falon ne ya ja hankalinka ba, wata fitila ce can a kusurwa mai dogon wuya kamar na zalɓe. Ba ka san sunanta ba balle ka rubuta. Sai ka ja akwati a kan fitilar kaɗai, ka bar kujeru da labule, manhaja ta nemo maka masu kama da ita. Manhajojin da ke wannan aiki suna da dama, kuma ga mai binciken yau da kullum kyauta ne. Abin da kake biya shi ne lokacinka da hotunan da kake miƙa musu.

Kafin ka zaɓa, ka san tambayarka. "Mene ne wannan, a ina zan samu irinsa?" daban take da "Daga ina wannan hoton ya fito?" Da yawa daga masu cewa binciken hoto shirme ne, tambaya ta biyu suka kai wa mai amsa ta farko.

Ga tambaya ta farko, Google Lens ne ya kamata ka fara gwadawa. Ya fito a 2017. Da ka loda hoto za ka ga fararen kusurwoyi huɗu, ka ja su har su kewaye abin da kake so, sakamakon kuma yana canzawa yayin da kake ja. Yana gane tsirrai da dabbobi da gine-gine, yana karanta rubutu ya fassara shi. Tun 2022 kana iya haɗa hoto da kalma: ka zaɓi jaka baƙa, ka rubuta "ja", ya kawo irinta ja. A Janairun 2024 aka ƙaro Circle to Search, wanda ya fara da wayoyin Galaxy S24 da Pixel 8. Ka danne ƙasan allo, ka zagaye abu da yatsa, ko da a tsakiyar bidiyo kake, ba sai ka fita daga inda kake ba. Ba kowace waya ke da shi ba, kuma a ganina bai kai a canza waya dominsa ba, tunda ɗaukar hoton allo ka tura wa Lens yana kai ka wuri guda. Rauninsa shi ne karkata ga kasuwa. Nuna masa takalmi, shaguna zai fara jero maka.

Pinterest, shafin da mutane ke tara hotuna, ya kawo zaɓen wani yanki na hoto tun 2015, kuma a harkar sutura da adon ɗaki idonsa ya fi kaifi, don ya iya kamo salo ko da kayan ba iri ɗaya ba ne. Sai dai cikin hotunan gidansa kawai yake dubawa, kuma sau da yawa za ka ga abin ya burge ka, ka rasa sunansa da mai sayarwa.

Bing na Microsoft ma yana da akwatin yanka, yana nan cikin Edge, manhajarsu ta shiga intanet, ya isa a ji ta bakinsa idan Lens ya gaza. Yandex na Rasha ya yi suna wajen gano wurare da fuskoki masu kama. Wannan ƙwarewar ce ma dalilin da zai sa ka yi tunani sau biyu kafin ka loda masa fuskar mutumin da bai ba ka izini ba.

TinEye kuwa wata dabba ce daban, shi ne mai amsa tambaya ta biyu. Wani kamfanin Toronto a Kanada ne ya fito da shi a 2008, kuma bai damu da abin da ke cikin hoto ba. Yana ɗaukar wa hoton wani abu kamar zanen yatsa, ya je neman kwafinsa, ko an rage girmansa, ko an yanke gefe, ko an sauya launi. Ɗauki hoton fitilar ɗakinka ka ba shi, ba zai kawo komai ba, don hoton bai taɓa hawa intanet ba. Amma idan aka turo maka hoton ambaliya aka ce jiya ne, ko mai sayarwa ya nuna maka kaya kana zargin hoton na aro ne, nan yake cin kasuwarsa. Ka jera sakamakon daga mafi daɗewa. Ka dai lura, ranar da zai nuna ranar da shi ya fara ganin hoton ce, ba ranar da aka ɗauka ba. Duk da haka, hoton "jiya" da ya bayyana tun 2016 ya riga ya tona kansa.

Kowanne ka ɗauka, yadda ka yanka ne ke yin rabin aikin. Manhajar tana kwatanta siffa da launi da zane na duk abin da ke cikin akwatin, har da bangon da ba ka damu da shi ba. Bar fili da yawa, ta kawo maka bango. Matse fiye da kima, ta rasa gane abin. Agogo, alal misali, ka haɗa fuskarsa da ɗan madaurinsa, sannan ka sake gwadawa a kan tambarin kaɗai. Idan hoton allo ne, cire rubutu da alamun batir da ke sama tukuna.