Sharhi kan WP Rollback da Health Check bayan sabuntawa ta hargitsa mini shafi

Tun daga siga ta 5.5 ta WordPress, manhajar gina shafukan intanet, wadda ta fito a watan Agustan 2020, mai shafi yana iya barin filogin, wato ƙaramar manhajar da ke ƙara wa shafi wani aiki, ya riƙa sabunta kansa ba tare da an taɓa shi ba. Amfanin hakan a fili yake, domin gyare-gyaren tsaro suna shiga da wuri, amma ta wannan hanya ce matsala ta shigo shafina na sayar da huluna da yadudduka. Bayan da filogin ɗin da ke jera hotunan kaya ya sabuntu, hotunan suka hau kan juna a waya, maɓallin zuba kaya a kwando ya daina amsawa, shafin farko kuma ya yi nauyi ƙwarai. Siga ta 6.6 ta 2024 tana mayar da filogin baya da kanta idan sabuntawa ta kashe shafi gaba ɗaya, sai dai nawa bai mutu ba, ɓaci kawai ya yi, saboda haka wannan kariya ba ta motsa ba.

Filogin ɗin WP Rollback na fara ɗorawa, kuma aikinsa ba ya buƙatar dogon bayani. Yana ƙara wani zaɓi a ƙarƙashin sunan kowane filogin, mutum ya danna, ya ga jerin tsofaffin sigogi, ya zaɓi wadda yake so. Cikin 'yan mintuna hotunan suka koma yadda suke, ciniki ya ci gaba. Sai dai nau'insa na kyauta yana aiki ne a kan filogin da aka sauko da su daga rumbun WordPress.org, kuma fayiloli kaɗai yake sauyawa, ba ya warware canjin da sabuwar siga ta riga ta yi a rumbun bayanai, abin da ya sa shi kansa yake gargaɗin a ajiye kwafin shafi tukuna. Abin da ya fi damuna shi ne zama a kan tsohuwar siga, wadda mai yiwuwa tana ɗauke da ɓarakar tsaron da aka toshe a sabuwar.

Filogin ɗin Health Check & Troubleshooting shi ne ya gano ainihin tushen matsalar, kuma a ganina shi ya fi cancantar yabo. Yana da wani yanayi na bincike da ke kashe duk filogin ɗin shafi, ya mayar da shi kan ɗaya daga cikin fasalolin asali na WordPress, amma ga wanda ya kunna yanayin shi kaɗai, tamkar mai shago ya shiga ɗakin ajiya yana zazzage kaya alhali masu saye suna ganin shagon a jere kamar kullum. Da yake fayilolin da baƙi ke amfani da su su ne dai ake gwadawa, dole na sake ɗora sabuwar sigar, na kuma yi hakan da tsakar dare lokacin da masu shiga suka ragu.

Da na kunna filogin ɗin hotuna shi kaɗai, komai ya tafi daidai, wanda ya nuna cewa laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Na ci gaba da kunna sauran ɗaya bayan ɗaya har na iso kan wanda ke hanzarta shafi ta hanyar adana kwafin wucin gadi da haɗe fayilolin CSS da JavaScript. A nan akwai tarkon da ya kamata a sani: wasu daga cikin irin waɗannan filogin ba sa yi wa mai shafi aikin da suke yi wa baƙo matuƙar ya shiga da sunansa, don haka sai da na kunna zaɓin da ke daidaita mu sannan ɓacin ya bayyana a gabana. Ashe jinkirta lodin JavaScript ne ya sa sabon fayil ɗin hotuna yake tashi kafin jQuery, wani fayil na JavaScript da ya dogara da shi, ga kuma tsohon haɗaɗɗen fayil na CSS da ba a share ba. Na cire fayil ɗin hotunan da na jQuery daga jerin waɗanda ake jinkirtawa, na share duk kwafin da aka adana, har da na Cloudflare, kamfanin da ke ajiye kwafin shafi don isar da shi ga baƙi da sauri, hotuna da maɓalli suka dawo aiki a kan sabuwar siga.

Batun nauyi kuwa PageSpeed Insights na Google, ma'aunin saurin shafi, shi ne ya fayyace shi. Ma'auninsa yana son babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, makin motsin abubuwa yayin lodi kuma kada ya wuce 0.1. Sabuwar sigar filogin ɗin hotuna ta sanya har hoton farko a cikin waɗanda ba a lodawa sai an gangaro gare su, ta kuma bar hotunan ba tare da faɗi da tsawo ba. Gyara waɗannan biyun ya fitar da gwajin waya daga ja, wato launin mummunan sakamako, wanda shi ne ya fi muhimmanci a wurina tunda yawancin masu saye da waya suke shigowa. Sashen da ke nuna abin da baƙi na gaske suka gani bai sauya nan take ba, domin bayanan kwanaki 28 da suka wuce yake tattarawa.

A yanzu na kashe sabuntawa ta kai-tsaye ga filogin ɗin hotuna da na hanzarta shafi, ina sabunta su da hannu ɗaya bayan ɗaya tare da share kwafin wucin gadi a tsakani, sauran kuma na bar su suna sabunta kansu.