Rantsuwa tsakanin mutum da mutanen ɓoye: wane littafin wasa ya cancanci kuɗinku?

Masu shirya wasan kwaikwayo na tebur a Yamai kan tambaye mu littafin da ya fi iya tafiyar da alkawari tsakanin ɗan Adam da mutanen ɓoye na tatsuniyoyin Turai. Ma'auninmu ɗaya ne: in aka karya rantsuwa, dokar wasan ce ke hukunci, ko sai abin da jagora, wato mai tafiyar da labarin wasan, ya ga dama?

Ta wannan fuska Changeling: The Lost na farko, wanda kamfanin White Wolf ya fitar a 2007, shi ne gaba. Kowane alkawari gaɓa huɗu gare shi: aikin da aka ɗauka, ladan da za a samu, horon wanda ya saɓa, da tsawon lokaci. Ƙaramin abu maki 1 ne, matsakaici 2, babba 3. Lada da lokaci ana tarawa, aiki da horo ana ɗebewa, kuma dole lissafi ya koma sifili. Misali, ɗan kasuwa ya yi rantsuwar ɓoye wani da ake farauta, maki 2 na ɗebewa. Ladansa sa'ar ciniki, 2 na tarawa. Wa'adi wata guda, wasu 2. Saura gurbin 2, sai horo matsakaici ya cike shi. Nan daɗin yake, don ƴan wasa na yin ciniki da gaske, kowa na jan nasa. Inda ake samun tangarɗa: masu wayo kan zaɓi horon da ba zai taɓa su ba, ko a shafe rabin dare ana lissafi. Jagora ya rubuta kalmomin rantsuwar a takarda, kowa ya sa hannu, don gardama kullum a kan lafazi take tashi.

Bugu na biyu, na kamfanin Onyx Path a 2019, ya ajiye wannan lissafi. Ya raba abin uku: kama mutum da maganar da ta fito bakinsa, rantsuwa tsakanin ƴan ɓoye, da yarjejeniya da ɗan Adam. Ya fi sauƙi ga sababbi. Kada dai a haɗa littattafan bugu biyun, dokokinsu ba su jituwa.

Dungeons & Dragons kuwa, littafin ƴan wasa na 2014 ya ba da matsafin da ya ƙulla yarjejeniya da babban sarkin ɓoye, amma bai tanadi horon saɓawa ba. Littafin labarin wasan, The Wild Beyond the Witchlight na 2021, na jarumai masu mataki 1 zuwa 8, cike yake da ciniki da mayu, sai dai ƙari ne, ba ya tsayawa shi kaɗai. Babbar fa'idar Dungeons & Dragons a nan ita ce littafin ƴan wasan akwai shi da Faransanci.

Kafin ku biya, ku duba harshe da shekarar bugu. Changeling ana samunsa a PDF a shafin intanet na DriveThruRPG, ana biya da katin banki. Ku buga babin alkawari da takardun jarumai kawai a wajen masu fotokopi, sauran a karanta a salula. Changeling na buƙatar ƴaƴan lido masu fuska 10, kamar guda goma, nasara daga 8 zuwa sama. Masu fuska 6 na kasuwa ba za su yi ba, amma manhajar salula na maye gurbinsu.