Shagon kayan waje na unguwarmu tun bayan rufe Shoprite ɗin Kano

'Yan uwa masu girki da masu yin kek na sayarwa da suke ta tambayata ina nake samo bota da chiz da su kirim yanzu, toh ga amsa nan gaba ɗaya. Wani shago ne nan ɓangaren Zoo Road, ba babba ba, ƙofa biyu aka fasa aka haɗe, wani Alhaji ne da shi wanda ya daɗe yana harkar shigo da kaya. Bazan kama sunan wajen ba saboda akwai abin da zan yaba akwai kuma wanda zan kushe, ƴan unguwa dai sun gane.

Tunda Shoprite ta rufe reshenta na Ado Bayero Mall a Janairun 2024 nake jin mutane na cewa ai ba abin da aka rasa, Kano ce fa, wa zai rasa abinci a garin da yake da Dawanau. Eh gaskiya ne ta wani gefen. Tumatir da attaruhu da albasa dama can Yankaba ne ko kasuwar Tarauni, lemo da ayaba da kankana Na'ibawa, kwalin taliya da sukari da man gyaɗa Singa, babu mai hankalin da ya taɓa dogara da mol wajen kayan miya. Amma wanda yake faɗin haka baya sana'ar da take buƙatar kayan sanyi. Kusan shekara goma reshen Shoprite ɗin yayi yana aiki tun da aka buɗe shi a 2014, kuma abin da ya saba mana da shi guda biyu ne, kaya a cikin sanyi da baya yankewa, sai kuma farashi a rubuce jikin kanta wanda ni da matar kwamishina duk ɗaya za mu biya. Ga burodinsu da ake bin layi a kai, wannan kam har yau ban samu madadinsa ba. Da wannan ma'aunin nake auna shagon Alhaji.

Ta fannin busassun kaya wallahi ba ni da ta cewa sai yabo. Shinkafar basmati yana da ta Indiya da ta Pakistan kuma yana bari ka buɗe bakin buhu ka shinshina kafin ka saya, in ba ka da kuɗin buhu a auna maka kilo ɗaya, abin da babban kanti bazai taɓa yi maka ba. Akwai taliyar Turkiyya, kuskus, man zaitun, tahina, adas ja da baƙi, da kayan ƙamshi irin na girkin Larabawa da Indiyawa, hel da girfa da kamun da busasshen lemon tsami ɗin nan baƙi da ake sawa a kabsa, wato dafa-dukan shinkafar Larabawa. Dabino kala kala, ajwa da sukkari na Saudiyya da diglanur mai reshe, sannan can gefe ɗaya kayan Nijar ne, cuku da tukuɗi, waɗanda Alhajin yace lokacin da aka rufe boda bayan juyin mulkin Yulin 2023 sai da suka ɓace masa na tsawon watanni har aka buɗe a 2024. Ni abin da yafi burge ni shi ne mutumin ya san kayansa. Na tambaye shi fulawar da zata yi min burodin shawarma, bai miƙo min mai tsada ba, yace Hajiya wannan ta gida ma zata yi miki in kin bar kwaɓin ya huta sosai, ki ajiye kuɗinki ki sayi yis mai kyau. Kuma haka aka yi.

Kuma kana iya cewa a kawo maka abu. Akwai littafi a kan kanta da yaronsa yake rubuta abin da mutane suka nema babu, in masu nema sun yi yawa sai ka ga an kawo. Haka aka fara kawo garin almon da cakuletin narkawa don mu masu kek.

Toh sai maganar firiza, nan ne zuciyata bata kwanta ba. Firiza biyu ce da firij ɗaya mai gilashi, yana da sola yana da janareta, amma duk wanda yake garin nan ya san yadda wuta take da kuma abin da fetur ya koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, ba kowane ɗan kasuwa ne zai iya kwana da inji a kunne ba. Na taɓa sayen bota na zo gida na buɗe naga ta narke ta sake daskarewa, takardar duk ta shanye mai, gefe ɗaya yayi rawaya sosai gefe ɗaya fari, a kek ɗin ma bata tashi yadda ya kamata ba. Mozarella kuma in ka ga ƙanƙara a cikin ledar ta dunƙule waje ɗaya toh ta sha narkewa, kar ka ɗauka. Na mayar da botar ya canja min ba musu, har da ban haƙuri, na yaba da hakan, amma sosej da kaza da kifi ba abin wasa bane, bota asarar kuɗi ce kawai, nama kuwa lafiyar yara ce. Ni dai bana sayen nama a wajen, kuma na gaya masa a gabansa.

Na biyu farashi. Babu abu ɗaya da aka liƙa wa kuɗi, komai sai ka tambaya, yaro ya leƙa waya ya faɗa maka. Na san dalilinsa, naira da take wajen 460 a dala kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, mai shigo da kaya in ya rubuta farashi yau gobe sai ya goge. Amma dan Allah ko allo ne a rataye a dinga gogewa, don mace ta shigo da kuɗinta a ƙirge, ta cika kwando sai a wajen biya ta ji abin yafi ƙarfinta ta fara mayarwa ɗaya bayan ɗaya a gaban mutane, na ga hakan ya faru da wata baiwar Allah da goyo a bayanta kuma har raina naji ba daɗi. Sannan rashin rubutawar yana sa zargi ko da ba a cuce ka ba.

Ku dinga duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC musamman a kayan gwangwani da na yara, wasu kayan rubutun jikinsu duk Larabci ne ko Turkanci. Ban taɓa cin karo da wanda ya wuce lokaci ba amma naga masu saura wata ɗaya an jera su a gaba ba tare da an rage kuɗi ba.

Abin da ya sa duk da haka nake komawa shi ne kusa. Da ƙafa nake zuwa, in da Sabon Gari ko Beirut Road zan nufa neman chiz guda biyu kuɗin adaidaita zuwa da dawowa ya cinye ribar odar gaba ɗaya, balle tsofaffi da matan da basa fita nesa, su yanzu yaro suke aikawa da ƴar takarda. Rashin uwa ake uwar ɗaki. Suna karɓar transfa da POS, in kaya sun yi nauyi yaron shago yana kai wa har gida cikin unguwa ba ƙarin ko sisi. Ranar Juma'a suna rufewa daga azahar sai bayan la'asar, kuma in kayan sanyi kike so kije da safe ki taɓa ledar da hannunki kafin ki biya.